Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ɗauko Mabuɗi, Kada A Yi Saurin Zargin Rezo

Duk wanda ya ɗora Linux a kan tsohuwar kwamfuta a Tawa, ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani ne ko mai gyara a bakin kasuwa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wannan ba. Ka jona kwamfuta da wayarka, ka ba da umarnin sabunta manhajoji, sai aiki ya tsaya cik. Allo ya rubuto "keyserver receive failed", ko kuwa "NO_PUBKEY" da jerin baƙaƙe da lambobi 16 a bayansa. Nan take sai a ce ai rezo ne. A Takanamat da ƙauyukan arewacin Adar, inda sandar waya ke hawa tana sauka, wannan zargi yana da hujja. Sai dai sau da yawa rezon lafiyarsa lau, WhatsApp ma yana tafiya. Cutar tana wani wuri daban.

Bari mu fara da abin da kwamfutar ke nema. Manhajojin Ubuntu, Debian, Mint ko Arch ba daga wuri ɗaya ake sauke su ba. Ana ajiye kwafinsu a ɗaruruwan rumbuna na jami'o'i da kamfanoni a faɗin duniya, kuma ba wanda zai rantse maka cewa ba a taɓa ko ɗaya ba. Shi ya sa masu haɗa su ke sa musu hannu da mabuɗin sirri, kai kuma kwamfutarka ta riƙe takwaransa na fili don ta gwada. Kamar shaidar da makiyayi ke lalasa wa raƙuminsa ce: duk kasuwar da aka kai shi, wanda ya san shaidar ya san garken da ya fito. Phil Zimmermann ne ya fito da PGP a Amurka a 1991, sannan Werner Koch na Jamus ya fara GnuPG a 1997, wadda ita ce ke wannan aiki a yawancin kwamfutocin Linux. Mabuɗan suna da wa'adi, ana sake su, ana soke wasu. Kwamfutar da ta daɗe a ajiye dole ta je neman sababbi, kuma a hanyar nan take maƙalewa.

Dalilin da aka fi mantawa da shi shi ne adireshin da ya mutu. Shekara da shekaru mabuɗan duniya suna zaune ne a wata tawagar rumbuna da ake kira SKS, waɗanda 'yan sa kai ke gudanarwa. Tsarinsu shi ne kowa na iya zubawa, ba wanda ke iya gogewa. A watan Yunin 2019 wani ya yi amfani da wannan kafa ya jibga wa mabuɗan Robert J. Hansen da Daniel Kahn Gillmor dubun dubatar sa hannu na banza, har ta kai duk wanda ya sauke su sai GnuPG ɗinsa ta sandare. Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wadda ta ba kowa ikon neman a goge sunansa, abin da tsarin ba zai iya ba. A Yunin 2021 aka rufe adireshin tawagar, wato pool.sks-keyservers.net. To amma darussan da aka rubuta kafin nan, na Faransanci da na Ingilishi, suna nan birjik a intanet, kuma tsofaffin faya-fayan da ake ta kwafa daga hannu zuwa hannu har yanzu can suke nufa. Idan ka ga "No name" ko "Server indicated a failure", fara duba wane adireshi ake kira. Ko da a ƙarƙashin eriya kake tsaye, ba zai amsa ba. Mayar da shi hkps://keyserver.ubuntu.com.

Akwai kuma keys.openpgp.org, wanda aka buɗe a 2019. Shi ba ya bayar da suna da imel ɗin mai mabuɗi sai mai shi ya tabbatar da kansa, GnuPG kuwa takan ƙi karɓar mabuɗin da ba suna, ta ce "no user ID". Wannan ba katsewar layi ba ne, sauya rumbu kawai za ka yi.

Sai batun ƙofa. Tsohuwar hanyar hkp tana bi ta ƙofa mai lamba 11371, alhali masu kula da intanet na ofisoshi da makarantu galibi 80 da 443 kaɗai suke bari a buɗe, domin su ne na shafuka. Alamar wannan ita ce dogon jira, sannan "Connection timed out". Gwaji mai sauƙi: buɗe keyserver.ubuntu.com a burauza. In ya buɗe, hanya na nan, ƙofa ce aka toshe. Sai ka yi amfani da hkps, mai bi ta 443, ko ka rubuta hkp://keyserver.ubuntu.com:80. A wannan gwajin ne ma wani zai gano kuɗin intanet ɗinsa ne suka ƙare.

Wanda ke fita neman mabuɗin ba gpg, wato umarnin GnuPG, ba ne da kansa. Tun daga GnuPG 2.1 wani ɗan aike ne mai suna dirmngr, kuma yana da halinsa. A wasu kwamfutocin ba a ma girka shi ba, sai ka ga "No dirmngr". Yana da hanyarsa ta kansa ta fassara suna zuwa lamba, wadda ba kullum take jituwa da ta kwamfutar ba. Yakan gwada IPv6 a layin da ba shi da ita. Abin haushi kuma, idan ya kira rumbu bai samu ba, sai ya rubuta shi cikin matattu ya daina kiransa na wani lokaci. Ka ga mai layin da ke yankewa yana dawowa, wannan hali ya fi cutarsa: rezo ya dawo, amma ɗan aike ya riga ya yi fushi. Umarnin gpgconf --kill dirmngr yana kashe shi ya tashi sabo. In bai isa ba, a zuba layukan standard-resolver da disable-ipv6 a cikin fayil ɗin dirmngr.conf, a ƙara honor-http-proxy idan ofishin yana bi ta firoksi. Masu Arch su lura, mabuɗan pacman, mai girka musu manhajoji, suna /etc/pacman.d/gnupg ne, gyaran da aka yi a jakar mai amfani ba ya isa can.

Ni a ganina, a ƙasarmu agogo ya kamata a fara dubawa kafin duk waɗannan. Yawancin kwamfutocin da ke hannun mutane na hannu ne, sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso. A cikin kowace akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, galibi CR2032, wanda ke riƙe lokaci idan an kashe ta. A ce ya mutu, babban batirin ma ya mutu, ga ɗaukewar wuta. Sai kwamfuta ta farka tana zaton shekarar da aka ƙera ta ake ciki. A idonta takardar shaidar rumbun ba ta fara aiki ba tukuna, mabuɗin kuma daga gobe ya zo, don haka ta ƙi duka biyun. A Ubuntu har takan ce "not valid yet". Rubuta timedatectl ka ga ranar da take ciki. Gyaran minti ɗaya ne, batirin kuma ana samunsa wurin masu gyaran agogo, amma mutum na iya ƙone kuɗin intanet na mako guda yana neman laifi a wani wuri.

Wani abin da bai kamata ya ɓace ba: sau da yawa ba ka ma bukatar rumbun mabuɗan. Kowane nau'in Linux yana da ƙunshin mabuɗansa. A Arch, pacman -Sy archlinux-keyring sannan nan take pacman -Su ya fi pacman-key --refresh-keys sauri nesa ba kusa ba, domin na biyun yana bin mabuɗai ɗaya bayan ɗaya. A Debian sunansa debian-archive-keyring, a Ubuntu ubuntu-keyring. Shi kuwa apt-key da tsofaffin darussa ke koyarwa an yi masa ritaya. Yanzu ana sauke mabuɗin kamfani daga shafinsa, a ajiye a /etc/apt/keyrings, a ɗaure shi da ma'ajiyarsa kaɗai da kalmar signed-by.

In gajiya ta zo, akwai mai ba da shawarar a kashe binciken gaba ɗaya: SigLevel = Never a Arch, ko trusted=yes a Debian. Aiki zai tafi, ba ƙarya. Amma daga ranar duk abin da aka miƙo wa kwamfutar za ta haɗiye, da cikakken ikon mai gida. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint aka musanya faifan girkawa da gurɓatacce, kuma irin wannan rana aka tanadi sa hannu dominta. Mai gyaran da ya yi wa kwamfutar asibiti ko ta magajin gari haka, ya tafi ya bar ta, ya ci amana ko da bai nufa ba.

Ga wanda ke Takanamat kuma layi ya ƙi sam, mabuɗin fili ba sirri ba ne, ƙaramin fayil ne da bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Wani na iya sauke shi a Tawa ya aiko a filas, ko ta WhatsApp. Sharaɗi ɗaya ne: kafin ka shigar da shi, rubuta gpg --show-keys da sunan fayil ɗin, ka gwada lambar shaidarsa mai baƙaƙe 40 da wadda masu shi suka wallafa a shafinsu, wanda ko a waya yana buɗewa. A gwada duka arba'in ɗin. Takwas na ƙarshe ba su isa ba, domin an daɗe da nuna cewa ana iya ƙera mabuɗin jabu mai irin wutsiyar.