Allura, Zare da Ƙyallen da Ba a Yarwa: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Allura ta girmi noma. A kogon Denisova da ke Saberiya an tono allurar ƙashi har da kafarta, mai shekaru wajen 40,000. Keken ɗinki kuwa ɗan jiya ne, kuma da rigima ya zo. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar nasa a 1830, ya jera kekuna 80 a birnin Faris ana ɗinka kakin soja. Shekara na zagayowa teloli suka far wa shagon suka farfasa su, wai za a raba su da abincinsu.

Isaac Singer, wanda sunansa ya bi duniya, ba shi ya ƙago keken ba. Elias Howe ya ma maka shi a kotu ya yi nasara. Dabarar kamfanin Singer ita ce biya kaɗan-kaɗan, tun 1856, shi ya sa keke ya shiga ɗakunan mata. Irin na ƙafar nan har gobe ba ruwansa da ɗauke wuta.

Da tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarun 1930, matan ƙauye sun koma ɗinka riguna da buhunan fulawa da na abincin kaji. Masu kamfani suka farga, suka shiga buga furanni a jikin buhun, tambarin kuma da tawadar da ke fita a wanki. Maigida ya tafi kasuwa, uwargida ta ce kada ya kuskura ya dawo da buhun da adonsa bai dace da na gida ba. A Ingila kuma, daga 1941 zuwa 1949 sai da kati ake sayen tufafi, har wasu amare suka yi kayan biki da yadin lemar saukar sojojin sama.

Abin da ya fi burge ni shi ne kimono na Japan. Daga turmi guda ake fitar da shi, mai tsawon kimanin mita 12 da faɗin da bai kai rabin mita ba, yanka miƙe-miƙe, kusan ba ragowa. A da in ya yi dauɗa, warware ɗinkin ake yi, a wanke, a sake haɗawa. Talakawan arewacin ƙasar kuwa faci suke ɗorawa kan faci har riga ta ga jika. Boro ake ce wa irin waɗannan, yau suna gidajen tarihi. Mu ma ba baƙonmu ba ne: babbar riga ta asali da siraran sawaye ake harhaɗa ta, almakashi ba ya cin komai.

Yanzu fa? An ƙiyasta cewa ƙaramar rigar auduga guda tana lashe ruwa lita 2,700 daga gona zuwa kanti. Noman auduga ne ya janye kogunan da ke ciyar da Tekun Aral, har jiragen ruwa suka kwana a kan yashi. Yadin roba kuma, wato foliyesta, ɗan man fetur ne, duk wanki sai ya saki burbushi cikin ruwa.

Kasuwar Kantamanto ta Akara tana karɓar gwanjo wajen guda miliyan 15 a mako, an kuma ƙiyasta kashi 40 cikin 100 shara yake zama. A hamadar Atacama ta ƙasar Chile akwai tsaunukan tufafin da ba mai so.

Saboda haka kafin ki nufi kasuwa sayen sabon yadi, 'yar'uwa, buɗe akwati tukuna. Tsohuwar atamfa tana fitar da rigar yarinya, ƙyallayen da tela ke sharewa suna yin zanen gado da cikon matashi, shaddar da ta koɗe kuma a miƙa wa marina, ko ta Ƙofar Mata ko ta unguwarku.