Zayyana a Kan Gilashi: Adon Bishiyar Kirsimeti a Cikin Gida

Idan watan Disamba ya kama a Maiduguri, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe sama har rana ta koma tamkar faifan azurfa, ganyen darbejiyar da ke bakin tituna kuma ya yi furu-furu da ƙura, duk wanda ya ratsa kasuwa zai ga an fara rataye waɗansu ƙwallaye masu sheƙi, ja da kore da ruwan zinariya, waɗanda maƙwabtanmu Kirista ke saye domin ƙawata bishiyar Kirsimeti. Galibinsu a yau na roba ne, injin ya yi su dubu-dubu, ba wanda ya san hannun da ya taɓa su. Amma asalinsu gilashi ne, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sana'ar tun farkonta ta cikin gida ce, ta miji da mata da 'ya'yansu, kamar yadda saƙa da rini da dukanci suke a wurinmu.

A tsakiyar ƙasar Jamus, cikin duwatsun lardin Turingiya, akwai wani ɗan gari mai suna Lauscha, inda aka kafa maƙerar gilashi tun shekarar 1597. Mutanen garin suna ba da labari cewa wajen 1847 wani mai busa gilashi, wanda talauci ya hana shi sayen tuffa da 'ya'yan itatuwan da aka saba ratayawa a bishiya, sai ya busa kamanninsu da gilashi ya rataya wa 'ya'yansa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, abin da ya tabbata shi ne daga wannan gari ƙwallayen suka bazu cikin duniya. Maigida yakan zauna gaban harshen wuta, ya narka bakin bututun gilashi, ya hura shi da numfashinsa har ya kumbura. Uwargida ta ɗura masa ruwan azurfa a ciki ta girgiza, bisa hikimar da masanin kimiyya Justus von Liebig ya gano a 1835, sai cikin ƙwallon ya zama madubi. Yara kuwa su ne masu tsoma shi a launi da yi masa zane. A 1848 wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta da 'ya'yansu kewaye da bishiya mai ado, sai al'adar ta kama Ingila kamar wutar daji. A 1880 attajirin nan na Amurka, F. W. Woolworth, ya fara sayar da ƙwallayen Jamus a kantunansa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya taso a 1939, hanyar fatauci ta toshe, sai kamfanin Corning na Amurka ya juya injinsa na yin ƙwan lantarki ya koma fitar da ƙwallayen ado, daga nan kuwa sana'ar ta fara kuɓuce wa hannun mutum.

Kada mai karatu ya zaci zane a kan gilashi baƙon abu ne ga Musulmi. Masu sana'ar Alƙahira a zamanin sarakunan Mamaliki sun yi fitilun masallaci na gilashi waɗanda har yau ba a gama mamakinsu ba, musamman na masallacin Sultan Hasan da aka fara ginawa a 1356, da rubutun ayar Annur kewaye da wuyansu cikin shuɗi da zinariya. A nan ƙasarmu ma, Masaga na Bida, waɗanda suke cewa kakanninsu daga Masar suka fito, sun daɗe suna narka kwalabe su mai da su ƙarau da duwatsun wuya. Sai dai akwai wani bambanci da ya wajaba a fahimta, domin shi ne tushen dukkan abin da zai biyo baya: launin fitilun Masar garin gilashi ne da ake shafawa a mayar cikin wuta har ya narke ya zama jiki ɗaya da fitilar, shi ya sa ya yi shekara ɗari shida bai kwaile ba, fentin da mu ke samu a kasuwa kuwa kwanciya kawai yake yi a bisa, domin gilashi ba ya sha. Allo yana shan tawada, ƙwarya tana shan zane, bango yana shan farar ƙasa, amma gilashi ba ya karɓar kome sai an lallashe shi.

Na koyi wannan ne a gidan maƙwabcina, wani malamin makaranta mutumin Biu, ɗan ekklesiyar EYN, wadda masu wa'azinta suka fara aiki a Garkida a 1923. Wata ranar Asabar na shiga gaishe shi, na tarar da uwargidansa ta shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki, ta rufe taga ruf, ga kiret ɗin ƙwai a gabanta an jera masa ƙwayayen lantarki da suka mutu da waɗansu 'yan ƙwallaye farare, 'ya'yanta uku kuma sun yi tsit kamar masu jiran hukunci. Na miƙa hannu zan ɗauki guda, sai ta ce, "A'a, Malam, don Allah kada ka taɓa! Yanzu na goge su." Na ce, "Ai hannuna da tsabta, Mama, yanzu na yi alwala." Ta yi dariya ta ce, "Ba datti nake gudu ba, maiƙon yatsa ne. Inda ka taɓa, nan fenti zai tashi." Gaskiyarta ne kuwa, domin wanda na riga na taɓa kafin ta hana ni, bayan kwana biyu shatin yatsana ya fito a jikinsa ɓaro-ɓaro.

Ga yadda aikin yake. Da farko a wanke gilashin da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, sa'an nan a goge shi da auduga da sifirit irin na kemis, daga nan kuma ba a ƙara riƙe shi sai ta wuya. Idan ƙwallo ne mai hular ƙarfe da ake cirewa, hanya mafi sauƙi kuma mafi ƙarko ita ce a yi masa launi ta ciki: a ɗiga fentin ruwa, wanda masu zane ke kira akirilik, kamar rabin cokalin shayi, a riƙa juya ƙwallon a hankali har launin ya game ko'ina, sa'an nan a kifa shi a kan kofi ya tsiyaye kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ɗiga launi biyu zai ga sun sarƙe da juna kamar zanen marmara, kuma tun da gilashin ne ke waje, sheƙinsa na nan, ba abin da zai kankare shi. Babban kuskuren masu koyo shi ne gaggawar mayar da hula, alhali cikin bai bushe ba, sai fentin ya zamo ya taru a gindi.

Zane ta waje shi ne ya fi bukatar haƙuri, shi ne kuma, a ganina, ya fi daraja, domin a nan ne ake gane hannu. Ana shafa fenti siriri, a jira ya bushe, a ƙara wani. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. A nan hunturun Borno aboki ne kuma abokin gaba: yana busar da fenti kafin ka ajiye buroshi, amma in ka labta da yawa sai bisa ya bushe ƙasa na danye, ya tsattsage kamar ƙasar firgi bayan damina, ƙura kuma in ta samu kafar taga sai ta manne har abada. Wanda bai samu fentin gilashi ba, jan farce yana aiki ƙwarai, tsinken sakace kuma ya fi kowane buroshi iya ɗigo. Babbar 'yar gidan, wadda ta saba yi wa ƙawayenta lalle ranar biki, ba ta zana ƙanƙara ko barewar Turai ba, abubuwan da ba ta taɓa gani ba. Reshe da fure irin na bayan hannun amarya ta zana, da tauraro a tsakiya, kuma ban ga wanda ya kai nata kyau ba cikin na kanti.

Wajen manna ƙyalƙyali da ƙananan duwatsu, uwargidan ta taɓa jarraba ƙaro, wanda Allah ya wadata ƙasar Borno da shi, wanda kuma alarammomi ke sawa a tawada don ta kama takarda. Ya riƙe har aka yi biki lafiya, amma da damina ta zo, laima ta shiga kwalin ajiya, duk ya saki. Tun daga nan ta koma farin gam na kafintoci, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

Akwai gargaɗi kuma da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Ƙwan lantarkin da ya dace da wannan aiki shi ne tsohon nan mai zaren ƙarfe a ciki. Mai lanƙwasar nan fari, da doguwar fitila, akwai zaiba a cikinsu, guba ce idan sun fashe, kada a ba yara. Ƙwan da aka yi wa fenti ba a mayar da shi kan wuta, sai dai a ɗaura masa zare a wuya a rataya. Sifirit da jan farce suna kama wuta, saboda haka a nisanta su daga kyandir da kaskon turare. Na gilashi kuma a rataye su sama, inda mai rarrafe ba zai kai ba.

Da na ba maiɗakina labari, ba ta ce kome ba, sai bayan mako guda na ga ta fito da kwalaben humra da na turaren wuta da take tara wa ƙanwarta mai shirin aure, ta aika a kira mata 'yar maƙwabtan da jan farcenta da tsinkenta. Kwalba goma sha biyu suka yi a yini biyu, biyu suka ɓaci saboda an bar taga a buɗe, sauran kuwa suna cikin kabad ɗin amarya a unguwar Gwange.