Garkuwar Haƙora: Abin da Take Iyawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Mai cizon haƙora cikin barci shi ne na ƙarshe da ke samun labari. Matarsa ko abokin ɗakinsa ne ke jin ƙarar da tsakar dare, shi kuwa sai gari ya waye ya tashi da muƙamuƙi a gajiye, da ciwon kai daura da kunne, da haƙora masu tsami in sun taɓa ruwan sanyi. Masu bincike sun ƙiyasta kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana yin haka, a yara kuma ya fi yawa. Haƙora kan goga juna kamar dutsen niƙa da babu hatsi a kai, kuma farin ɓawon da ke lulluɓe da su, duk da ya fi komai tauri a jiki, in ya zaizaye ba ya sake tofowa.

Birane biyu na Faransa suna da hannu wajen fahimtar wannan matsala. A Paris ne Pierre Fauchard, wanda ake kira uban likitancin haƙori na zamani, ya wallafa babban littafinsa a 1728. A 1907 kuma likitoci biyu, Marie da Pietkiewicz, suka bayyana cizon haƙora a wata mujallar likitocin baki ta ƙasar. Duk da haka an daɗe ana ɗora laifin a kan rashin daidaiton haƙora, har likitoci kan goge tsinin wasu domin su zauna daidai.

A Lyon kuwa, Michel Jouvet ba likitan haƙori ba ne, masanin barci ne. A 1959 ya nuna, a gwajinsa kan kyanwoyi, cewa akwai zangon barci da ƙwaƙwalwa ke aiki kamar a farke alhali tsokoki sun saki gaba ɗaya. Irin wannan aiki ya sa barci ya zama abin aunawa daki-daki. Daga baya Gilles Lavigne da abokan aikinsa a Montreal ta Kanada suka nuna cewa cizon ya fi aukuwa a barci mara nauyi: ƙwaƙwalwa kan ɗan zabura, bugun zuciya ya ƙaru, sannan tsokar muƙamuƙi ta kama. Ashe umarnin daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, haƙora masu ɗaukar dukan ne kawai.

A nan ne garkuwar haƙora ta shigo. Likita kan ɗauki gwajin baki da wani kwaɓi mai daskarewa ko da ƙaramar kyamara, a ƙera murfi na roba mai tauri wanda zai hau haƙoran sama ko na ƙasa baki ɗaya. Samfurin da ya fi shahara an inganta shi ne a Jami'ar Michigan ta Amurka, a hannun Ramfjord da Ash. Ranar karɓa, likita kan sa mutum ya ciji siririyar takarda mai launi, ya goge duk inda ya yi tudu, har haƙora su sauka a kan robar lokaci guda. A Faransa inshorar lafiya ta gwamnati tana biyan wani kaso na kuɗin, inshorar ƙari ta taimaka da saura, don haka mazaunin Paris ko Lyon ba shi da dalilin jira sai haƙori ya tsage.

Sai dai dole a faɗi iyakarta. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2007 ya ce babu isasshiyar hujja cewa garkuwa tana hana cizon, amma tana iya kare haƙora daga zaizaya. Roba ce ke cinyewa a madadin haƙori, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Mutane da dama kan samu sauƙin ciwon muƙamuƙi, amma wanda ya ajiye ta, sai ya koma gidan jiya.

Akwai kuma hattara. Garkuwa mai laushi ta kantin magani, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije, takan sa wasu su ƙara taunawa. Mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ya kamata a fara duba numfashin nasa, domin garkuwar sama na iya tsananta matsalar ga wasu. Yara kuwa ba a cika yi musu garkuwa ba, saboda muƙamuƙinsu yana girma, kuma yawancinsu kan daina da kansu. Iyayen da ke zaton tsutsar ciki ce ke sa cizon su kai yaro a duba shi kafin su ɗura masa maganinta.

Sauran aikin yana hannun mai cizon. Damuwa, taba, giya, da wasu magungunan ciwon damuwa duk suna da alaƙa da cizon, haka nan sinadarin da ke hana barci a kofi, wanda yake cikin shayi da goro. Mai kwana da goro a baki bayan isha'i ya duba wannan. Da rana kuma a lura: in ba ci ake yi ba, leɓe a rufe, haƙoran sama da na ƙasa kada su taɓa juna.

Ba sai an je Faransa ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, Jami'ar Bayero kuma tana horar da likitocinsa. Duk wanda aka ce masa yana cizon haƙora da dare, ya je a duba shi tun haƙoran suna da tsawonsu, a yi masa garkuwa daidai bakinsa, sannan ya nemi abin da ke zaburar da barcinsa ya magance shi.