Gero, Masara da Tsadar Abinci a Arewa

Cikin shekaru hamsin da suka wuce, masara da shinkafa sun yi ta ƙwace gurbin gero da dawa a gonaki da tukwanen arewacin Nijeriya. Taki ne ya buɗe wannan ƙofa. A tsakiyar shekarun 1970 aka kafa ayyukan bunƙasa noma na Funtuwa da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya, suka kawo ingantaccen irin masara tare da takin zamani mai rangwame. Manomi ya ga gonar da ke ba shi 'yan dammunan dawa ta cika masa ɗaki da buhuna, sai ya sauya. Birni ma ya ba da tasa gudummawar. Kafin gero ya zama tuwo ko fura sai an yi sussuka da surfe da daka, alhali taliya da shinkafa 'yar gwamnati ba sa cin rabin awa a kan wuta.

Illar sauyin ba ta fito fili ba sai da abubuwa suka rikice. Masara ba ta yi sai da taki da wadataccen ruwa, farashin taki kuwa yana bin dala. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tayar da kuɗin taki da na alkama. A 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, naira ta faɗi, kuɗin dakon buhu zuwa kasuwar Dawanau ya yi tashin gwauron zabi. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yuli aka rufe iyaka, cinikin wake da dabbobi da hatsi tsakanin ƙasashen biyu ya ja baya sosai. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A Zamfara da Katsina da Sakkwato kuma 'yan bindiga sun hana noma a gonaki masu nisa, ko sun ɗora haraji kafin girbi.

A irin wannan hali ne amfanin gero yake bayyana. Yana nuna cikin wata uku ko ƙasa da haka, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa a tsakiyar damina. Yana jure ƙasa mai yashi da ɗaukewar ruwa, taki na gida ya ishe shi, kuma idan aka zuba dammuna a rumbu ba tare da an sussuke ba yana iya shekaru bai lalace ba. Haka ganyayyakin da ake rainawa: kwanon kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ko busasshiyar kuka da daddawa, sun riƙe gidaje da yawa, kuma ba sa jiran mota ko dala.

Sai dai komawar da mutane suka yi ga gero da ganyayyaki ta dole ce, kuma gero bai kai masara yawan amfani a kadada ɗaya ba. Gidan da ya koma cin ganyen tafasa saboda babu, yaransa na fuskantar tamowa. Abin da ya rage wa geron shi ne abin da aka yi wa masara: iri mai kyau, injinan sussuka da niƙa da za su sauƙaƙa wa mata wahala, da rumbunan tsimi na gari. Game da ƙarfin ƙasa kuwa, a yankin Maraɗi da Damagaram, manoman da suka bar gawo ya sake tsiro a gonakinsu tun shekarun 1980 sun farfaɗo da ƙasa ba tare da sayen taki mai yawa ba.