Hazo da Taya: Abin da Ya Faru da Jiragen Alhazai a Kano da Jidda

(KIƊAN BUƊE SHIRI)



Kowace shekara maniyyata daga Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'adua sukan ɗaure kaya su nufi Katsina, inda jirgi ke ɗaukarsu daga filin Umaru Musa 'Yar'adua. Kafin a fara tashi daga Katsina, Kano ce babbar ƙofar alhazan wannan yanki. Idan aka sanar a sansani cewa an ɗage tashi, sai ka ji guna-guni ta ko'ina. Shirinmu na yau ya waiwayi ranaku biyu da suka nuna dalilin irin wannan jinkiri.

Ta farko ita ce 22 ga Janairun 1973. Wani jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Alia na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya taso daga Jidda da mutum 202, yawancinsu alhazai. Legas ya nufa, amma rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi Kano. A Kanon ma hunturu ne, ga hazo ga iska. Jirgin ya dira da ƙarfi, ƙafafunsa suka karye, mai ya tsiyaya, wuta ta kama. Mutum 176 suka rasu, 26 suka tsira. A wancan lokacin duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba.

Mutumin Daura ya san wannan hazo sarai. Ƙura ce da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wanda ke ƙasa tari da kaushi kawai take sa shi. Matuƙin da ke saukowa da gudun fiye da kilomita 200 a awa kuwa, titin sauka take ɓoye masa har sai ya zo dab da shi.

(KIƊA)

Rana ta biyu ta fi ciwo, domin babu hazo babu hadari. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada ya shirya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato da sunan Nigeria Airways. Wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka. Makaniki ya nemi a ƙara musu, amma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a ɓata lokaci ba.

Jirgin na cikin gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar kwalta har ya kama wuta. Matuƙan ba su ga abin da ke faruwa a ƙarƙashinsu ba. Da suka ɗaga sama sai suka naɗe ƙafafun kamar yadda aka saba, wato suka shigar da wutar cikin jirgin. Ta cinye wayoyi da bututun man sarrafawa, ta huda daɓen da fasinjoji ke zaune a kai. Sun juyo don su sauka, amma jirgin ya faɗi saura kimanin kilomita 3 ya kai titi. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu: fasinjoji 247 da ma'aikata 14. Allah Ya jiƙansu.

Gudun irin waɗannan haɗurra ne ya sa injiniya ke zagaya jirgi yana duba tayoyi kafin kowane tashi, kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet ke fitar da gargaɗin hazo ga matuƙa.

Akwai kuma abin da ke tafe. Aikin Hajji yana matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara. Yanzu yana shiga bazara, lokacin da zafi ke sa iska ta yi sako-sako, jirgi mai nauyi ya buƙaci titi mai tsawo kafin ya ɗaga. Zafi na cikin abubuwan da aka ambata a haɗarin jirgin EAS da ya faɗa unguwar Gwammaja a Kano ranar 4 ga Mayun 2002. Nan da shekara goma zuwa sha biyu kuma jigilar za ta koma cikin hunturu, kamar yadda take a 1973. Aikin da ke gaban Hukumar Alhazai ta Ƙasa da ta Jihar Katsina shi ne su tanadi masauki, ruwa da abinci a sansani, su kuma riƙa faɗa wa maniyyata ainihin dalilin kowane jinkiri da Hausar da za su gane.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)