A23a: Curin ƙanƙarar da ya taɓa fin jihar Legas girma, da dalilin da ya sa ya shafi manomin gero

A shekarar 1986 wani makeken curin ƙanƙara ya ɓalle daga gaɓar nahiyar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya. Masana suka raɗa masa suna A23a. A lokacin, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 4,000, wato ya ɗara jihar Legas, kaurinsa kuma ya kai kimanin mita 400. A doronsa akwai wani sansanin bincike na Tarayyar Sobiyet mai suna Druzhnaya 1, wanda ya tafi da shi, sai daga baya aka je aka kwashe kayan aikin da ke ciki.

Bai yi nisa ba ƙasansa ya kafe a tekun Weddell. Nan ya zauna sama da shekara 30 kamar tsibiri, har ƙasar da ta kafa sansanin ta wargaje yana nan bai motsa ba. Sai a 2020 ya fara gusawa. A 2024 wani ruwa mai juyawa ya riƙe shi kusa da tsibiran South Orkney, ya yi watanni yana kewaya wuri guda. A watan Maris na 2025 ya sake kafewa, kimanin kilomita 70 daga tsibirin South Georgia, daga nan kuma ya shiga farfashewa.

Hotunansa sun zaga duniya, mutane da dama suka ɗauke shi a matsayin shaidar ɗumamar yanayi. Maganar ba haka take kai tsaye ba. Ɓallewar irin wannan curi tsohuwar al'ada ce ta Antaktika: dusar ƙanƙara na zuba a tsakiyar nahiyar, ta taru ta daskare, ta riƙa malalowa a hankali zuwa teku kamar kogi. Idan ta iso bakin teku sai ta miƙe a kan ruwa ta zama wata irin rumfa mai yawo, lokaci-lokaci kuma bakin rumfar ya karye.

Narkewar A23a ma ba za ta ƙara wa teku wani tsayin a zo a gani ba. Wanda ya taɓa jefa ƙanƙara a kofin zoɓo ya san idan ta narke kofin ba ya tumbatsa, domin tun tana yawo ta riga ta ci gurbinta.

To ina matsalar take?

Matsalar tana bayan rumfar. Waɗannan rumfuna su ne ke tokare ƙanƙarar da ke kan tudu, kamar yadda madatsa ke riƙe ruwa. Idan rumfa ta rushe, abin da ke bayanta sai ya samu hanya. An ga haka ƙuru-ƙuru a 2002, lokacin da rumfar Larsen B mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3,250 ta ruguje cikin 'yan makonni. Wasu kogunan ƙanƙarar da take tare wa hanya suka ninka gudunsu har kusan sau takwas. Wannan ƙanƙarar ta kan tudu sabon ruwa ce ga teku, ita ce ke ɗaga shi.

Ma'aunin taurarin ɗan'adam na hukumar NASA ya nuna cewa tun daga 2002 Antaktika na asarar kimanin tan biliyan 150 na ƙanƙara a shekara, tsibirin Girinland da ke arewa kuma kusan tan biliyan 270. Inda hankalin masana ya fi tashi shi ne kogin ƙanƙara na Thwaites a yammacin Antaktika, mai girman kusan Birtaniya. Ruwan teku mai ɗumi na shiga ƙarƙashinsa yana cin sa daga ƙasa, inda ido ba ya gani. Shi kaɗai, idan ya zube gaba ɗaya, zai iya ɗaga teku da kusan santimita 65. A takarda adadin ƙarami ne. Ga mazauna unguwannin Legas da ke daf da ruwa, waɗanda tun yanzu ambaliya ke shiga ɗakunansu duk damina, ba ƙarami ba ne.

Su kansu tekunan da ke kewaye da ƙanƙarar suna ji a jika. Curin da ya kafe kusa da tsibiri na iya tare wa tsuntsayen fengwin hanyar zuwa kiwo, su yi ta dogon zagaye kafin su dawo wa 'ya'yansu da abinci. A 2004, da curin A38 ya kafe a South Georgia, an tarar da gawarwakin 'ya'yan tsuntsayen birjik a bakin teku. Amma curin ba ɓarna kaɗai yake yi ba. Yana ɗauke da ƙurar duwatsu mai sinadarin ƙarfe, idan yana narkewa sai ta zame wa ƙananan tsirran ruwa taki, su kuma su ciyar da wasu halittu masu kama da jatan lande, waɗanda kifaye da tsuntsaye ke rayuwa a kansu.

Abin da ya fi kusa da mu, a ganina, yana arewa ne, a Girinland. Tekun Atlantika na da wata babbar hanyar zagayawar ruwa: ruwa mai ɗumi da gishiri na tafiya arewa, ya huce, ya yi nauyi, ya nutse kusa da Girinland, ya dawo kudu ta ƙarƙashi. Ruwan da ke fita daga narkakkiyar ƙanƙara ba shi da gishiri, bai da nauyin da zai nutse, don haka yawansa na rage wa zagayen ƙarfi. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a rahotonsa na 2021 akwai ƙwaƙƙwaran zaton zagayen zai yi rauni a wannan ƙarni, ko da yake bai sa ran zai tsaya kwatsam kafin 2100 ba.

Wannan zagaye na cikin abubuwan da ke tsara iyakar inda damina ke kaiwa a Afirka ta Yamma. Idan ya yi rauni, arewacin Atlantika ya huce, hadari kan ja baya zuwa kudu. Wani bincike da aka wallafa a mujallar kimiyya ta PNAS a 2017 ya gwada a kwamfuta abin da zai faru idan Girinland ta narke da sauri, ya gano cewa ruwan sama zai ragu sosai a yankin Sahel, filayen noman gero da dawa su tsuke, miliyoyin mutane su shiga halin neman inda za su koma. Hasashe ne na yanayi mafi muni, ba hukunci ba. Sai dai gonakin da yake magana a kansu su ne irin na Maraɗi da Damagaram da arewacin Katsina, inda jinkirin ruwa na mako uku ya isa ya sa manomi ya sake shuka.