Na'urar Nuna Hanya: Kunne Gare Ta, Ba Ta da Baki

Musun ya fara ne bayan la'asar, a kan bencin ƙofar gidan wani maƙwabcinmu da ya sayo mota 'yar Kwatano. Ya liƙa wata 'yar na'ura a gilashin gaba, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, yana ta nuna wa jama'a. Wai mai shagon ya tabbatar masa ko Agadas ɓarawo ya kai motar za a gano ta. Wani dattijo da ke gefe ya gyara zama ya ce, "Alhaji, da za ka ji tawa da ka cire abin nan. Duk inda ka taka Turawa na kallonka, kuma an ce da irinta masu garkuwa ke bin sawun mutane." Nan majalisa ta rabu biyu, har aka kira magariba ba a daidaita ba.

Da mai motar da dattijon duk sun kauce, kuma kuskurensu ɗaya ne. Dukkansu sun ɗauka na'urar GPS tana ba da labarin inda take. Ba ta yi. Kunne gare ta, ba ta da baki.

A can sama, nisan kilomita kusan 20,200 daga doron ƙasa, akwai taurarin ɗan'adam kimanin talatin mallakar Amurka, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini. Aikin kowanne shi ne shela ba dare ba rana: ni ne wane, ga inda nake, ga lokacin da na yi wannan magana. Shi ke nan. Bai san wa ya ji ba, kamar yadda gidan rediyo bai san ko a Bichi ka kunna akwatinka ko a Maraɗi ba. Ladan yana kiran salla, mutum dubu su ji, amma ba zai iya faɗa maka wa ya ji daga kan gado, wa ya ji daga bakin rijiya ba.

To ta yaya mai sauraro kawai zai san inda yake? Duk wanda ya taɓa ganin walƙiya, ya ɗan jira kafin ya ji tsawa, ya riga ya san rabin amsar: gwargwadon jinkirin, gwargwadon nisan hadarin. Yanzu a ƙaddara makaho ne zaune a wata unguwa, ga masallatai uku da ya san wurin kowannensu, kuma ladanan uku suka ɗaga murya a lokaci ɗaya cif. Muryar na kusa za ta riga isowa, ta na nesa ta zo a ƙarshe. Da zai iya auna tazarar da kyau, da ya faɗa maka a wane lungu yake zaune ba tare da ya tambayi kowa ba. Abin da na'urar ke yi ke nan, sai dai saƙon da take aunawa yana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a sakan guda. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan sai ya jefa ka mita 300 daga inda kake. Taurarin suna ɗauke da agogo na musamman mai tsadar gaske, ita kuwa 'yar na'urarka agogonta bai fi na hannu ba, shi ya sa take buƙatar jin tauraro na huɗu don ta gyara lokacinta da shi.

Tsoron Turawan ma ba daga sama ya faɗo ba, tunda sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro tsarin, suka harba tauraron farko a 1978. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harbo wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya a 1983, Shugaba Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula, kuma sai a watan Mayun 2000 aka daina gurɓata saƙon da gangan. Yau Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma na'urori da yawa suna sauraron fiye da ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa GPS ba ta aiki sai da data. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara, mutane suka yi makonni ba kira ba saƙo. Taurarin nan ba su fasa shelarsu a kan Gusau ko na minti ɗaya ba. Abin da ke cin data a wayarka zanen taswirar ne da take saukowa, da labarin cunkoso. In ka sauke taswirar tun kana gida, ko a dajin da babu sabis za ta nuna maka inda kake. Ita na'urar mota dama taswirarta na cikinta. Iyaka in ta daɗe a kashe takan ɗauki mintuna kafin ta kama, sai mai ita ya yi zaton ta lalace. A fito da ita fili a ɗan yi haƙuri.

Wadda ake gano motar sata da ita daban ce, ita ce tiraka. Ana ɓoye ta a jikin mota, akwai layin waya a cikinta, da shi take aiko da labari, kuma ana biyan kuɗinsa. Wanda ya sayar wa maƙwabcina ya sani sarai. Shi kuma dattijon namu, wayar da ke aljihunsa, mai layi da manhajoji barkatai da ya danna wa "na yarda" bai karanta ba, ta fi wannan na'ura surutu nesa ba kusa ba.

Saboda haka mai son saye ya san cewa kunnen kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Taswira yake saye. Yawancin na'urorin Garmin da TomTom da ke shigowa na hannu, da ma allon da ke zuwa a jikin motocin Kwatano, taswirar Amurka ko Turai ce a ciki. Ta maƙwabcina da muka kunna, kibiya ce kawai tsaye a kan farin fili, ba titi ba gari, ga titunan wata jiha ta Amurka birjik a ajiye. Kada ka biya sai an kunna a gabanka a waje, ka rubuta sunan garinku, ka ga titin da ka sani da idonka. Ka tambaya ko ana sabunta taswirar, kuma nawa ne. Ka duba allon a cikin rana, ba a inuwar shago ba. In duk wannan bai samu ba, gaskiya wayarka da mariƙi mai kyau da caja sun fi maka.

Ko taswirar ta samu, da sauran rina a kaba. Na'ura lissafin kilomita da minti take yi. Ba ta san hanyar da direbobin haya suka daina bi bayan la'asar ba. Tana iya duba Kaduna da Birnin Gwari ta ga kwalta miƙe, ta ce bismilla, alhali ɗan kamasho a tasha zai gaya maka abin da ya faru jiya a wurin. Ba ta san kwalbatin da ruwan Agusta ya cinye ba. A Indiya, cikin watan Nuwambar 2024, mutum uku suka rasu a jihar Uttar Pradesh bayan motarsu ta bi taswirar waya ta hau gadar da ba ta kai ƙarshe ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji magabata, kuma babu wannan a lissafinta. Ni kaina ta taɓa shigar da ni wani lungu a cikin birnin Kano wanda ko amalanke sai ta yi dabara, na fito da baya yara na yi mini tafi.

Ba duk laifinta ba ne. Garin da adireshinsa shi ne "bayan gidan mai, ka tambayi mai shayi," me na'ura za ta rubuta? Gana ta fito da tsarin adireshi na GhanaPostGPS tun 2017. Mu kuwa unguwanni na ta tsirowa ba suna ba lamba, titin da ke da suna ma sai a wayi gari an sauya shi don karrama wani, allon kuma ba a kafa ba.

Saura amfani. Ka saita inda za ka kafin ka tayar da mota, don latse-latse a kan sitiyari ba shi da bambanci da amsa waya, wanda jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa a kansa. Ka liƙa ta ƙasa-ƙasa a gefe inda ba za ta tare maka gani ba, ka bar muryar ta yi aiki. In ka faka, cire ta: zafin Afrilu a cikin rufaffiyar mota yana kumbura batir, ya saki robar da ke riƙe da ita. Ka goge da'irar da robar ta bari a gilashi, domin ɓarawon da ya gan ta ya san akwai abin ɗauka a ciki.

In kuma tafiyar ta fita gari ce, hanyar da ba ka saba ba, don Allah ka ratse tasha ka gaisa da direbobin layin, ka tambaye su ta ina ake bi yau, kuma ƙarfe nawa ake daina bi.